Ina Sifilin Lambar Wayar Baba Ya Tafi?

Idan kana cikin matasan Karaye ko Rogo da suka duƙufa koyon rubuta manhaja, ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ko ta YouTube da ɗan datan da ka samu, tsaya ka ji.

A ce ƙungiyar manoman rani da ke gefen madatsar ruwan Challawa ta ba ka aikin manhajar rajistar masu karɓar taki. Ka rubuta ta da TypeScript, harshen da Microsoft ya fitar a 2012. Ka tsara: suna rubutu ne, shekaru lamba, waya rubutu. Sai ka ɗauka ka gama. Ina! TypeScript yana duba waɗannan nau'o'in ne lokacin da kake rubutu kawai. Da an juya shi zuwa JavaScript, duk sun goge. Ranar rajista ba mai gadi a ƙofa.

To ga inda ake kuka. Lambar wayarmu alƙaluma 11 ce, tana farawa da sifili. In jerin sunayen ya biyo ta Excel aka ɗauke ta a matsayin adadi, sifilin ya faɗi, saura 10. Manhajarka za ta haɗiye ta shiru. Saƙon ranar rabo ba zai isa ba, Baba na gona, buhunsa ya tafi hannun wani.

Kana iya zama ka rubuta masu tantancewa ɗaya bayan ɗaya, amma gobe in ka ƙara gurbin NIN ka manta da gyara su, shi ke nan. Shi ya sa ake barin na'ura ta samar da su daga nau'in da ka riga ka rubuta. Typia haka yake yi: ya karanta nau'inka, ya ƙera mai tantancewa tun wajen haɗa manhajar. Zod ta baya yake bi, ka rubuta ƙa'idar, shi ya fitar maka da nau'in. Masu Python suna da Pydantic. Ni dai ga ɗan koyo Zod nake ba da shawara, don saita shi ba wuya.

Amma fa cewa “rubutu” kaɗai bai isa ba, domin “ban sani ba” ma rubutu ne. Dole ka ƙara sharaɗi: alƙaluma 11, na farko sifili. NIN ma 11 ce, sai ka ga mutum ya zuba lambar wayarsa a gurbinta ta wuce lafiya lau. Ko lambar tasa ce da gaske, wannan kuma sai rumbun hukumar NIMC ya tabbatar.