Jiragen Faiba a Kogin Neja: Idan Sun Huje, Wa Zai Gyara?

Tun bayan kifewar jirgin da ya hallaka mutane fiye da 100 a ƙaramar hukumar Patigi ta Jihar Kwara a watan Yunin 2023, kiran a maye gurbin kwale-kwalen katako da jiragen faiba ya ƙara ƙarfi. Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa da hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja duk sun karkata ga wannan ra'ayi. Sai dai sayen jirgi rabin aiki ne, sauran rabin kuwa gyara ne.

Faiba zaren gilashi ne da aka jiƙa da wani danƙo mai suna rezin, ya daskare ya zama jikin jirgi. Ba ta ruɓewa kamar katako, amma tana tsagewa. Kututturan da ruwa ya lulluɓe a tafkin Kainji, da duwatsun da ke bayyana idan kogi ya janye da rani, sun isa su huda ta. Ƙusa da kwalta, waɗanda kafinta ke toshe ɓarakar katako da su, ba su da amfani a nan. Ƙusa ma ƙara tsagar take yi.

Gyaran na da ƙa'ida. Da farko a fitar da jirgin tudu ya bushe sarai, domin rezin ba ya kama wuri mai laima. Mai gyara kan ƙwanƙwasa kewayen hujin da ƙaramar guduma: inda sautin ya mutu, faibar ta saki daga ciki, dole a yanke ta. Daga nan sai a gurje bakin hujin ya yi gangare, faɗinsa ya ninka kaurin jikin jirgin sau 12. Idan kaurin milimita 6 ne, gangaren zai kai kusan santimita 7 ta kowane gefe. Wannan faɗin ne ke riƙe facin.

Bayan an goge wurin da sinadarin asiton, sai a shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi falle-falle, ana jiƙa kowanne da rezin, ana danne shi don fitar da iska, har kaurin ya daidaita. Rezin na foliyesta na buƙatar sinadarin daskararwa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 kacal. A zafin Afrilu yakan daskare cikin 'yan mintoci, shi ya sa ake kwaɓa kaɗan-kaɗan a inuwa. A ƙarshe a goge da samfefa, a shafe da murfin da ke hana ruwa shiga.

Haɗarin yana ga facin gaggawa. Wanda aka liƙa a kan laima ko ba tare da gangare ba yakan yi kyau a ido, ya ɓalle ranar kasuwa, jirgi na tsakiyar kogi cike da fasinja.

A nan ne aikin ya dawo teburin jami'an da ke tsara kasafi da takardun kwangila a Abuja. Kwangilar da ta kawo jirgi ba tare da kayan gyara da horar da kafintocin gari ba, ta bar matuƙi da zaɓi biyu: ya jingine jirgin ya koma wa katako, ko ya yi facin da zai ci rayuka. Kuɗin rezin da ƙyalle da horo bai kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin jirgin kansa, kuma wurinsa shi ne cikin kwangilar tun ranar farko.