Ko Kun Sani? Fim ɗin Lili Elbe da inda ya saɓa wa tarihi

Fim ɗin The Danish Girl, wanda Tom Hooper ya ba da umarninsa a 2015, ya ɗauko rayuwar Lili Elbe ne, ɗaya daga cikin mutanen farko da aka yi wa tiyatar sauya jinsi daga namiji zuwa mace. An haife ta a garin Vejle na ƙasar Denmak a 1882 da sunan Einar Wegener. Sana'arta zanen hoto, haka ma Gerda, wadda suka yi aure da ita a 1904.

A Jamus aka yi wa Lili aikin, kashi-kashi, tun daga 1930. Na ƙarshe shi ne dashen mahaifa, a zamanin da likitoci ba su da maganin hana jiki ƙin baƙuwar gaɓa. Aikin bai karɓe ta ba, ta rasu a Dresden ranar 13 ga Satumba, 1931.

Sai dai fim ɗin ba tarihi tsantsa ba ne, domin daga ƙagaggen littafin David Ebershoff na 2000 aka ciro shi. Fim ɗin ya nuna Gerda tana gefen Lili har numfashin ƙarshe, alhali an raba aurensu tun 1930, Gerda kuma ta auri wani hafsan Italiya sun koma Maroko.

Alicia Vikander, wadda ta fito a Gerda, ta ci kyautar Oscar a 2016. An soki ba Eddie Redmayne rawar Lili, kuma ƙasashe irin su Katar da Kuwait sun hana nuna fim ɗin.