Kansar Karnuka Mai Yaɗuwa Ta Barbara: Yadda Ake Gane Ta A Ɗakin Gwaji

Duk mai kiwon kare, na farauta ne ko na gadi ko na bin garke, idan ya ga jini na ɗiga daga gaban karensa ko karyarsa ba tare da rauni ba, kada ya ɗauka cizo ne na faɗa. Ya duba da kyau. Idan akwai wani jan nama da ya tsiro a wurin, mai saurin fashewa da jini da zarar an taɓa, to akwai yiwuwar wata irin kansa ce da ta saɓa wa abin da muka sani game da ciwon daji. Wannan ɗaukarta ake yi, daga kare zuwa kare, galibi wajen barbara, wani lokaci ta lasa ko shinshina. Shi ya sa takan fito har a hanci ko baki ko ido.

Tun 1876 wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, ya nuna cewa ana iya ɗebo ƙarin daga jikin wani kare a dasa wa wani ya kama. Amma sai a 2006 masu bincike a Landan suka tabbatar da abin mamakin: ƙwayoyin ƙarin ba na karen da ke ɗauke da shi ba ne. Na wani kare ne guda da ya mutu dubban shekaru da suka wuce, suna ta tsallakawa daga jiki zuwa jiki har yau. Binciken Jami'ar Kambirij ya gano cutar a ƙasashe aƙalla 90, kuma ta fi yawa inda karnuka ke yawo sakaka, ciki har da Nijeriya.

To ta yaya ɗakin gwaji ke gane ta? Matakin farko mai sauƙi ne, kuma sau da yawa ya wadatar. Likita zai danna ɗan gilashi a kan ƙarin, ko ya goga auduga, ya rina da launi, ya duba a madubin ƙara girma. Ƙwayoyin suna da kamanninsu: zagayayyu ne, da ƙananan ramuka farare a cikinsu. Akwai kuma ƙirgen kuromosom, wato ƙullin da ke ɗauke da bayanan gado. Na lafiyayyen kare 78 ne, na wannan ƙarin kuwa wajen 59.

Inda aikin ke cakuɗewa shi ne idan ƙarin ya fito a fata ko a cikin hanci, domin wasu kansoshin ma ƙwayoyinsu zagayayyu ne, kuma maganinsu da makomarsu daban. A nan ake komawa ga ƙwayar gado mai suna MYC. Aikinta na asali shi ne ba ƙwayoyin jiki umarnin rabuwa da girma, kuma idan ta fita daga tsari sai girman ya ƙi tsayawa. Ita ce dai ke da hannu a kansar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen Afirka masu zazzaɓin cizon sauro. A cikin ƙarin karnuka, an gano a shekarun 1980 cewa wani guntun DNA mai suna LINE-1 ya kutsa ya zauna dab da MYC. Lafiyayyen jikin kare ba shi da wannan haɗi. Ya zama kamar shaidar da makiyayi ke yi wa shanunsa: ko a wace kasuwa aka gan ta, an san garken.

Gwajin da ke nemo shaidar shi ne PCR, wanda jama'a suka ji sunansa lokacin korona. Ana tatso DNA daga ɗan naman ƙarin, a zuba masa gajerun guntaye biyu da aka ƙera musamman, ɗaya ya manne wa LINE-1, ɗayan ya manne wa gefen MYC. Na'ura sai ta riƙa ɗumama haɗin tana sanyaya shi, zagaye talatin ko fiye, kowane zagaye yana ninka abin da ke tsakanin guntayen biyu. Dabarar ita ce ninkin ba ya yiwuwa sai idan su biyun suna maƙwabtaka. Daga nan a tura samfurin cikin wani daskararren ruwa da wutar lantarki. Idan layi ya bayyana a inda ake sa ransa, cutar ce. A ganina, mai kare bai kamata ya matsa sai an yi masa wannan gwaji ba idan gilashi ya riga ya ba da amsa, domin tsada ne da shi, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne cutar tana warkewa. Allurar binkiristin ta jijiya, sau ɗaya a mako, yawanci na mako huɗu zuwa shida, tana narkar da ƙarin a mafi yawan karnuka. Sai dai ba allurar da za a saya a kemis a yi a gida ba ce. Idan ta zube a wajen jijiya tana cinye naman wurin, kuma guba ce ga mai riƙe da sirinjin. Yankewa da wuƙa ko ƙonawa da ƙarfe mai zafi azaba ce kawai, ƙarin yakan dawo ko da a asibiti aka yanke. Korar karen ya shiga gari kuwa ita ce hanya mafi sauri ta raba wa karnukan unguwa cutar.

Cutar ba ta kama mutum, amma a sa safar hannu kafin a taɓa, a wanke hannu bayan nan. A ɗaure karen, a hana shi haɗuwa da wasu har ya gama magani. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da asibitocin dabbobi na jihohi, nan ne wuraren fara tambaya. Wanda ba ya neman 'yan kwikwiyo ya sa a yi wa dabbarsa aikin hana haihuwa, wanda kuma zai kai karyarsa barbara ya duba gaban namijin tukuna. In an je asibitin, a yi wa karen rigakafin haukan kare a tafiya guda.