Ko Kun Sani? Yadda Ake Alƙalancin Gasar Badujala a Amurka

A gasar badujala ta matasa da hukumar Drum Corps International take shiryawa a Amurka tun 1972, maki 100 ake rabawa: 30 na kiɗa, 30 na tsarin tafiya da sarrafa tutoci, 40 kuma na yadda wasan gaba ɗaya ya ratsa zuciya. Wannan kaso na 40 shi ne tushen yawancin gardama, domin babu sikelin da ke auna abin da ya taɓa ran alƙali.

A da, kurakurai ake ƙirgawa. Duk wanda ya saɓa taku ko ya goce a busa, sai a zabtare wa ƙungiyarsa maki. An bar wannan tsari a 1984 saboda yana sa ƙungiyoyi gudun salo mai wuya, aka koma ba da maki gwargwadon wahalar abin da aka gwada da kuma yadda aka iya shi. Gyara ne mai kyau, sai dai ya ƙara wa ra'ayin alƙali nauyi. Abin da ke rage zargi shi ne alƙalai suna naɗar bayaninsu da murya lokacin wasa, a miƙa wa ƙungiya ta ji dalili.

Sau uku aka yi kunnen doki a matsayi na ɗaya: 1996, 1999 da 2000. A 2008 kuwa, ƙungiyar Phantom Regiment ta doke ƙungiyar Blue Devils da tazarar maki 0.025 kacal.