Daga Misisifi Zuwa Binuwai: Yaƙin da Ya Haifi Jalingo

Ranar 25 ga Disamba, 1892, aka girke igwa a gaban garin Kona, 'yar tafiya kaɗan daga inda Jalingo take a yau. Rundunar Sarkin Muri Muhammadu Nya ce. Ta daɗe tana fama da Jukunawan Kona ba ta ci galaba ba, amma a wannan karon tana tare da wani hafsan sojan ruwa na Faransa mai suna Louis Mizon, da sojojinsa, da makaman da ya sauko da su daga jiragensa. Garin bai kai labari ba. Aka kashe na kashewa, aka kama na kamawa, kuma masana tarihin da suka bi takardun wancan zamani suna ambaton kimanin mutum 2,000 da aka mayar bayi. A 1893 Sarki ya kafa sansanin yaƙi a wannan yanki. Sansanin ya zama gari, garin ya zama gidan sarautar Muri, daga bisani kuma ya zama babban birnin Jihar Taraba a 1991.

In aka yi zancen yaƙi a kan bauta da ɓallewa, Amurka ce ke fara zuwa a rai, kuma ta cancanta, domin can aka yi gagarumin. Sai dai duk wanda ya fahimci yadda aka ci wancan yaƙin zai fi gane abin da ya faru a Kona, domin a wuraren biyu kogi da jirgi da igwa ne suka raba gardama. Inda aka sha bamban shi ne wanda igwar ta yi wa aiki.

A 1860 akwai bayi kusan miliyan 4 a Amurka, galibinsu a jihohin Kudu masu noman auduga. A watan Nuwamban shekarar aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa, alhali jam'iyyarsa ta sha alwashin hana bauta bazuwa zuwa sababbin yankuna. Masu bayi suka ce ba za ta saɓu ba. Jihar Karolina ta Kudu ta fara ɓallewa ranar 20 ga Disamba, wasu suka bi sahu, suka ɗora Jefferson Davis a kan shugabancinsu, daga baya adadinsu ya kai 11. Ranar 12 ga Afrilu, 1861, suka buɗe wa sansanin Fort Sumter wuta, yaƙi ya ɓarke.

Littattafai sun fi ɗaukaka manyan gumurzun da aka yi a gabas, irin na Antietam, inda a yini guda, 17 ga Satumba, 1862, mutum kusan 23,000 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace, da na Gettysburg a Yulin 1863. Janar Robert Lee na 'yan aware kuwa gwanin fagen daga ne, ya sha kunyata rundunonin da suka fi tasa yawa. Amma a ganina a kan ruwa ne bayan Kudu ya karye. Arewa tana da mutum kimanin miliyan 22, Kudu miliyan 9, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗannan bayi ne. Masana'antu da jiragen yaƙi suna hannun Arewa. Tun farko wani tsohon janar, Winfield Scott, ya ba da shawarar a toshe tashoshin teku, kada auduga ta fita kada makami ya shigo, sannan a ƙwace kogin Misisifi a tsaga ƙasar 'yan aware gida biyu. 'Yan jarida sun yi masa ba'a, suka kira ta dabarar mesa, mai nannaɗe abin da ta kama tana matsewa a hankali. Ita ɗin ce dai ta yi aiki.

A Fabrairun 1862 Janar Ulysses Grant ya bi kogunan Tennessee da Cumberland da jiragen da aka yi wa sulke na ƙarfe, ya ƙwace Fort Henry da Fort Donelson. A Afrilu David Farragut ya kutso ta teku ya kama New Orleans, birni mafi girma a Kudu. Sai ƙashin wuya ya rage, wato Vicksburg, gari a kan tudu mai kallon kogi, bindigoginsa suna tsare da mashigar. Grant ya yi masa ƙawanya kwana 47. Mutanen gari suka haƙa ramuka a jikin tuddai suka shige saboda ruwan wuta, abinci ya ƙare har aka koma yanka alfadarai. Ranar 4 ga Yuli, 1863, sojoji kusan 30,000 suka ajiye makamai. Bayan 'yan kwanaki kogin gaba ɗayansa ya koma hannun gwamnati, shanu da hatsin da ke zuwa wa 'yan aware daga yamma suka yanke.

Lincoln ya shiga yaƙin ne don haɗa ƙasa, bayin da kansu ne suka tilasta maganar 'yancinsu ta shigo gaba. Tun a Mayun 1861 wasu bayi uku suka gudu zuwa sansanin Fort Monroe, Janar Benjamin Butler ya ƙi mayar wa ubangijinsu da su, daga nan hanya ta buɗe. Duk inda hayaƙin jirgin gwamnati ya bayyana a kogi, sai bayi su watsar da fartanya su nufi gaɓa. A Yunin 1863 Harriet Tubman, wadda ita ma gudowa ta yi daga bauta, ta yi wa jiragen yaƙi jagora a kogin Combahee, aka kwashe bayi fiye da 700 zuwa 'yanci. Bayan shelar 'yanta bayi da Lincoln ya yi ranar 1 ga Janairu, 1863, baƙaƙen fata kimanin 180,000 suka sa kakin soja. Cikinsu har da namu: Muhammadu Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa a Borno, wanda aka sace yana yaro aka ƙetara Sahara da shi aka sayar, ya zaga duniya, ya zo ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863. Lee ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu, 1865, kuma a Disamban shekarar aka haramta bauta a tsarin mulki. Rayuka aƙalla 620,000 suka salwanta, kuma cututtuka irin su gudawa da zazzaɓi sun fi harsashi kisa.

Mu ma mun ga wannan dabara a namu yaƙin basasar. An kama Bonny a Yulin 1967, Kalaba a Oktoba, Fatakwal a Mayun 1968, aka raba Biyafara da teku, yunwa ta yi ɓarnar da har yau ba a daina jimaminta ba. 

To, mu dawo Binuwai. Ita kanta masarautar Muri da ɓallewa ta samu kanta. Hamman Ruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, shi ya kafa ta wajen 1817 a ƙarƙashin Gombe. A 1833 aka kashe shi a Gombe bisa zargin yana neman cin gashin kansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya raba Muri da Gombe, ta koma bin Sakkwato kai tsaye. Tsohon garin Muri yana arewacin kogi ne, amma rabin harkar masarautar tana kudu, wajen Gassol da Bakundi, inda wasu daga zuriyar Hamman Ruwa suka kafa nasu garuruwan. Kona tana kan wannan hanya ta fatake, kuma ta ƙi miƙa wuya.

Me ya hana rundunar Muri cin ta tun da wuri? Ƙarfin yaƙin masarautun wancan zamani a kan doki yake. Mahayi da mashi da takobi, a fili shimfiɗaɗɗe, ba mai tsayawa a gabansa. Amma wanda ya san ƙasar da ke kewaye da Jalingo ya san duwatsu ne da kwazazzabai da ƙoramu. Doki ba ya hawan dutse da sukuwa, kuma ƙudan tsando na kwarin Binuwai ba ya barin dawaki su daɗe. Mai kare garinsa yana laɓe a bayan shinge da kwari da baka, yana ganin mai zuwa tun daga nesa. Bindigar toka da 'yan bindigar sarki ke riƙe da ita sai an ɗura mata albarushi an danna kafin a sake harbawa, ba ta kuma fasa ganuwa. Abin da ya rage shi ne zaman ƙawanya, shi kuwa damina ke tashinsa, domin mayaƙan manoma ne, da ruwa ya sauka kowa gonarsa yake tunani.

Kafin yaƙin Kona, Mizon ya taɓa zuwa Binuwai sau ɗaya. Tsakanin 1890 da 1892 ya bi Neja da Binuwai har Yola, ya wuce ta Ngaundere zuwa yankin Kwango. Burinsa shi ne ya kafa wa Faransa ƙafa a Binuwai, inda kamfanin Royal Niger na George Goldie ya riga ya girke a Ibi yana hana kowa ciniki, duk da cewa yarjejeniyar Berlin ta 1885 ta ce kogin na kowa ne. A tafiyarsa ta biyu ya zo da jirage biyu masu tururi, Sergent Malamine da Mosca. Binuwai kogi ne mai lokaci. Yakan tumbatsa wajen Satumba, daga nan ya yi ta ja da baya har tsibiran yashi su fito, kamar yadda duk wanda ya taɓa ƙetarewa a Lau ko Ibi da rani ya sani. Mizon ya makara, ruwa ya janye, ya kafe a ƙasar Muri a Oktoban 1892, ba halin gaba sai wata damina.

Nan buƙata ta haɗu da buƙata. Sarki Nya ba ya ga maciji da kamfanin Ingilishi, yana kuma neman abin da zai fasa Kona. Mizon yana neman takardar da zai nuna a Faris cewa Muri ta shiga ƙarƙashin kariyar Faransa. A watan Nuwamba aka sa hannu, a Disamba aka biya farashin da mutanen Kona.

Wannan ne wurin da ya fi yi mini ciwo. A lokacin, shekara 27 kenan da gama yaƙin Amurka. Faransa ta haramta bauta a ƙasashen da take mulka tun 1848. A 1890, shekara biyu kacal kafin wannan rana, ƙasashen Turai sun taru a Brussels sun rattaba hannu cewa za su yaƙi cinikin bayi a Afirka, za su kuma taƙaita shigo da makamai. Sai ga hafsan ɗaya daga cikinsu ya harba igwar da ta buɗe wa masu kamu ƙofa. Ba na wanke Sarki da wannan. A tsarin zamaninsa kamun yaƙi bawa ne, haka ake yi daga Sakkwato har Adamawa, amma sabo da abu bai taɓa rage wa uwar da aka raba da ɗanta zafi ba.

Kamfanin Goldie ya yi ta kururuwa a Landan, labarin ya zama abin kunya, gwamnatin Faransa ta kira Mizon gida. A Satumban 1893 ya bar Binuwai, kamfanin ya ƙwace kayan cinikinsa, yarjejeniyar ta bi ruwa. Kada a ɗauka tausayin Kona ne ya motsa kamfanin: kasuwarsa yake karewa, kuma shi ma ya sha ƙona garuruwan bakin kogi da nasa bindigogin. Sarki Nya ya rasu a 1896, Mizon a 1899.

Bauta a nan ba ta ƙare da yaƙi irin na Amurka ba, a hankali aka shaƙe ta. Dokar da Lugard, shugaban mulkin mallakar Ingilishi a Arewa, ya kafa a 1901 ta hana kamu da sayarwa, ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne. Amma waɗanda ke hannu an bar su wurin iyayengijinsu, sai wanda ya iya biyan murgu ya tara kuɗin fansar kansa a gaban alƙali. Yaran da aka ƙwato daga hannun fatake an tara wasunsu a gidan 'yantattun bayi da mishan ta buɗe a Rumasha a 1909, wanda daga baya aka mayar Wukari. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa.

Amurkawa sun mayar da Vicksburg da Gettysburg wuraren tarihi, ɗalibai suna zuwa ana nuna musu inda kowace runduna ta tsaya. Na san akwai masu cewa a jihar da ba ta rasa rikicin ƙabilanci, tono irin wannan zance fami ne. Ina ganin akasin haka. Jikokin Kona ba su manta ba, jikokin mayaƙan Muri ma suna da nasu labarin, kowane ɓangare yana ba 'ya'yansa a cikin gida ba tare da jin na ɗayan ba, kuma a irin wannan ne 'yan siyasa ke samun abin hura wuta. Ina kira ga malaman tarihi na Jami'ar Jihar Taraba, da fadar Sarkin Muri, da fadar Kuru Kona, wato sarkin Kona, su haɗa kai a naɗi muryoyin dattawan da suka ji daga bakin kakanninsu, da Jukunanci da Fulatanci da Hausa, a nemo abin da Faransawa da Ingilishi suka rubuta a fassara, a sa yaƙin Kona cikin darasin tarihi na makarantun jihar tun waɗannan dattawan suna raye.