Mayonis na Gida: Tun Daga Kasuwa Ake Gyara Shi

A Suleja da wuya a yi biki ko suna, ko a shimfiɗa buɗa-baki da azumi, ba a ga farantin salak ba: kabeji, karas, latas, kokwamba, a lulluɓe da farin kirim. Yawancin mutane Bama suke ce wa kirim ɗin, da sunan samfurin da ya fi yawa a kanti. Da tsada ta taɓa na kwalba, mata da dama sun koma haɗa nasu da blanda. Sai dai akwai abin da ya raba mayonis da miya: ba ya hawa wuta. Idan mai ya tsufa ko ƙwai ya gurɓace, babu tafasar da za ta rufa masa asiri. Saboda haka rabin aikin a Kasuwar IBB ko ta Madalla ake yin sa, kafin a shiga kicin.

Mai da ruwa ba sa haɗuwa. Abin da ke ɗaura musu aure shi ne gwaiduwar ƙwai, wadda ke ɗauke da sinadarin lesitin da furotin. Idan ana bugawa, mai yana tarwatsewa ya zama ƙananan ɗigo, gwaiduwa ta naɗe kowane ɗigo ta hana shi komawa cikin 'yan uwansa. Wannan cunkoso ne ke kawo kauri. Shi ya sa ake fara zuba mai kaɗan-kaɗan. Idan aka tuttula shi lokaci guda, haɗin ya tsinke. Gwaiduwa ɗaya tana ɗaukar kimanin kofi ɗaya na mai.

Mai ne mafi yawan abin da ke cikin kwanon. A dokar Amurka ba a kiran abu mayonis sai mai ya kai kashi 65 cikin 100 na nauyinsa. To, wane mai? Man ƙuli da ake matsewa a gida ya dace da shinkafa da wake, amma a mayonis ƙamshinsa yana danne komai. Da yawa daga cikin man jarka da muke kira man gyaɗa kuwa daga kwakwar manja aka tace shi. Irin wannan yana daskarewa da sanyi, kamar yadda ake gani a kwalaben masu awo da safiyar hunturu, kuma idan ya daskare a firij sai mayonis ya ware, mai ya taso sama. Man waken suya da aka tace ya fi dacewa: ba shi da ƙamshi mai ƙarfi, kuma sanyi bai cika daskarar da shi ba. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, a guji wanda ya wuni a rana cikin roba. A ɗiga a cokali a shinshina, a lasa. Idan yana maƙaƙi a maƙogwaro, a bar shi komai arharsa. Araha ba ta ado.

Ƙwai shi ne inda batun lafiya yake, domin ɗanye ake sa shi. Ƙwayar cutar salmonela na iya zama a kan ɓawo ko cikin ƙwan, ta jawo gudawa, amai da zazzaɓi. A zaɓi mai tsaftataccen ɓawo, ba tsaga, ba kashin kaji, kuma a tambayi mai kiret ranar da aka kawo daga gona. A gida a jefa shi cikin kofin ruwa: sabo yana kwanciya a ƙasa, tsoho yana ɗaga kai ko ya taso, saboda iskar da ke cikinsa tana ƙaruwa da kwanaki. Idan aka fasa sabo a faranti, gwaiduwar tana tsayawa cur, farin bai malale ba. Wannan gwaji shekarun ƙwai kawai yake nunawa, ba ya tona ƙwayar cuta. Don haka masu juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da marasa lafiya gara su haƙura da mai ɗanyen ƙwai.

Tsami ba don ɗanɗano kaɗai ake sa shi ba. Yana takura wa ƙwayoyin cuta. Ruwan khal fari na girki yakan zo da kashi 5 cikin 100 na asid, ƙarfinsa ba ya sauyawa. Lemun tsami ya fi ƙamshi, amma wani ya fi wani tsami, kuma a tace 'ya'yan kafin a zuba don kada blanda ta niƙa su a ji ɗaci. Cokali ɗaya zuwa biyu kan gwaiduwa ɗaya, da gishiri da ɗan mastad, wanda shi ma yana taimakon kamawa.

Ban da mayonis, akwai kuma kirim ɗin salak, wanda ya fi shi ruwa-ruwa da tsami da ɗan zaƙi, amma mansa bai kai na mayonis ba. Kamfanin Heinz ne ya fitar da na kwalba a Ingila a 1914, amma tun kafin nan da dafaffiyar gwaiduwa ake yin sa a gidaje. Wannan tsohuwar hanya ta dace da zafin Suleja: a murƙushe gwaiduwar dafaffen ƙwai, a sa mastad, khal, ɗan sukari, ɗan mai da madarar gwangwani. Ana kuma iya yin mayonis babu ƙwai sam: madara awo ɗaya, mai awo biyu, tsami daga ƙarshe.

Saura ajiya. Na gida ba ya wuce kwana uku zuwa huɗu a firij mai sanyi, kuma kowa ya san halin wutarmu. Idan zafi ya haura digiri 32, kamar yadda yake yi a watannin Maris da Afrilu, salak ɗin da aka kwaɓa kada ya wuce awa ɗaya a waje. Mai yin abincin biki ta ajiye kirim cikin kula da ƙanƙara, ta zuba lokacin rabo. Uwargida kuwa ta haɗa daidai na ci ɗaya, gobe ta sayi sabon ƙwai ta sake.