Me ya sa majo ke ɗora yaro a kan sikeli kafin ya rubuta magani?

Akwai ƙorafin da muke yawan ji daga bakin iyaye mata a bakin likita, musamman lokacin damina: "Ɗan maƙwabciyata an ba shi ƙwaya biyu, nawa guda ɗaya, alhali sa'anni ne." Wasu har su ce majo ya nuna son kai. To, mu duba yadda lissafin yake.

Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Yara biyu ƴan shekara uku, wani zai yi kilo 11, wani kilo 16. Jikin da ya fi nauyi ya fi buƙatar magani. Abin da ya isa babban kuwa yana iya yi wa ƙaramin yawa.

Mu ɗauki farasitamol, wanda kusan kowane gida akwai shi. Ƙa'idarsa ga yaro miligiram 15 ne a kan kowane kilo, bayan kowace awa 6, kuma ba a wuce sau huɗu a yini da kwana. Yaro mai kilo 8, a ninka 8 sau 15, ya ba da miligiram 120. Daga nan mai jinya zai duba kwalbar siro. Idan an rubuta miligiram 120 cikin mililita 5, to mililita 5 zai sha. Mai kilo 12 yana buƙatar miligiram 180, wato mililita 7 da rabi.

A nan ne ake tuntuɓe. Ba duk kwalabe ne ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai siro mai miligiram 250 cikin mililita 5. In aka ba yaron mai kilo 8 mililita 5 daga irin wannan, ya sha fiye da ninki biyu ke nan. Farasitamol in ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma sau da yawa ba a ganin alamar sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa ake cewa a auna da ƙaramin kofin da ya zo da kwalbar, ko da sirinji marar tsinke. Cokalin gida ba ma'auni ba ne, don kowane gida da girman nasa.

Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi sani da Coartem, shi ma da kilo yake tafiya. Daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15, ƙwaya ɗaya. Daga 15 zuwa ƙasa da 25, biyu. Daga 25 zuwa ƙasa da 35, uku. Daga 35 zuwa sama, huɗu. Ana sha sau biyu a rana, kwana uku, tare da nono ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki da kyau. Kun ga amsar waccan uwar: ɗanta mai kilo 11 ƙwaya ɗaya ce hakkinsa. Kuma ko jiki ya yi sanyi ranar farko, a cika kwana ukun.

Idan zazzaɓin ya yi tsanani, allurar artesunate ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da miligiram 3 a kan kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, miligiram 2,4 ga wanda ya kai. Ana yin ta da zuwa, sai bayan awa 12, sai a awa ta 24. In an ce ku kwana a likita, dalilin ke nan.

Ƙarin ruwa ma lissafi ne. A igiyar da aka saba amfani da ita, ɗigo 20 shi ne mililita ɗaya. Ledar mililita 500 da za ta ɗauki awa 8, wajen ɗigo 21 ke nan a minti. Don Allah masu zaman jinya, kada a murza abin da ke jikin igiyar wai don ruwa ya ƙare da wuri a koma gida. Ruwa in ya shiga da gudu yana iya cika huhun yaro ko tsoho.

Kafin kowace allura ko ƙwaya, an koya wa mai jinya ya tabbatar da abu biyar: marar lafiyar da aka nufa, sunan maganin, yawansa, hanyar da zai bi, da lokacinsa. In ya sake tambayar sunan ɗanku sau biyu, ku amsa da haƙuri. A ɗaki guda ana iya samun Ibrahim uku.

Ga namu aikin. Mu je da karnen yaro, mu faɗi duk abin da ya riga ya sha, har na gargajiya da na masu talla a kasuwa. In ya amayar da magani nan take, a koma a tambaya kafin a maimaita. Ƴan uwa da ke aiko da magani daga waje, Allah ya saka da alheri, amma ku ce a kai wa majo ya duba ƙarfinsa tukuna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya taimaki masu kula da su.